Jallabiyar Kawu Bassu a Ɗakin Ɓeraye

Fas, 10 ga Nuwamba

Zuwa ga Kawu Bassu, a kan dutsen Timahdit,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga 'yar ƙanwarka Ittu. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna Tamu da garke duka. Yaya tarin Inna? Si Lahsen direba ya ce mini da sauƙi, amma Si Lahsen ko gawa ya ɗauko cewa zai yi da sauƙi, don haka daga wurinka nake son ji. Ni ƙalau nake, sai sanyin Fas mai shiga ƙashi.

Ka ce in daina kiran waya, tunda sai ka hau tudun makabarta kafin ta kama, in ta kama kuma kunnenka ya ƙi kamawa. To ga takarda. Ka kuma aiko da tambaya: shekara uku ina kiwon ɓeraye, ba nono ba ulu, me ake nema? Bari in gwada.

Akwai ciwon da rauni ke warkewa ya bar shi a baya. Mutum ya ji rauni a jijiya, fata ta haɗe, shekara ta zagayo, amma ko riga ce ta goge wurin sai ya ji kamar wuta. Mutane su ce raki ne, alhali ba raki ba ne. A cikin lakar baya akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, aikinsu gadi da shara. Idan jijiya ta ji rauni takan fitar da wani sinadari, shi kuwa ya je ya buɗe wata ƙofa a jikin masu gadin nan. Da ƙofar ta buɗe sai su tashi, su aika nasu saƙon ga jijiyoyin da ke kai labari ƙwaƙwalwa, saƙon da ke kwance musu birki. Daga nan ko taɓawa aka yi, a matsayin ciwo take isa sama. Maganin da nake gwadawa ana zaton yana toshe ƙofar nan, ni kuma aikina in gano ko haka ne.

Mukan sa wa ɓera maganin barci, mu ɗaure masa reshen jijiya ɗaya a ƙafar baya. Bayan sati biyu in ɗora shi a kan raga, in riƙa taɓa tafin ƙafar daga ƙasa da wani zare mai kama da gashin jelar doki, daga siriri zuwa mai kauri, in rubuta wanda ya sa ya janye. Lafiyayye sai an kai mai kauri. Mai ciwo, siririn ma ya ishe shi. Ba na jin daɗin yi musu haka, Kawu, ban taɓa ji ba. Kowace safiya sai na ce su yafe ni, a hankali, don kada a ji a ce karatu ya taɓa ni.

Maganin dai wata biyu ke nan yana hanya. Ustaza Sabti, malamar da nake aiki a ƙarƙashinta, ta ce lokaci ba ya jiran kowa: in fara auna ɓerayen da ba za a ba magani ba, in ya iso sai in auna sauran, mu kwatanta. Na gama na farkon, su goma sha biyu. Watan Yuni zan tsaya gaban malamai in kare aikin, daga shi babu ƙarin wa'adi. In ba ni da abin nunawa, shekara uku sun bi ruwa.

Ɗakin awon a ƙarƙashin ƙasa yake, an daidaita sanyinsa yadda ɓera ke so, shi mai gashi. Ni kuwa awa huɗu nake zaune ba motsi, har yatsuna su ƙi riƙe biro. In ban da wannan, ina jin daɗin aikina ƙwarai.

A gaishe mini da Inna.

Taka,
Ittu

*

Timahdit, 23 ga Nuwamba, ranar kasuwa

Zuwa ga Ittu 'yar Hadda, likitar ɓeraye,

Bayan sallama da sa albarka. Takardarki ta iso, na karanta wa Tamu sau biyu, na uku na karanta wa kaina. Muna lafiya. Tarin Tamu ya ragu da gaske, ba irin sauƙin Lahsen ba, ta sha zuma da tazargade. Tumaki sun fara haihuwa, 'yan raguna tara. Ɗaya uwarsa ta ƙi shi, yana kwana bayan murhu, Tamu na zaginsa tana ɗura masa madara.

Bayaninki na gane rabi, kuma rabin ya ishe ni. Wato kare ne ya yi haushi ranar da ɓarawo ya zo, ɓarawo ya tafi tuntuni, shi kuwa bai daina ba, yanzu ko ganye ya faɗi sai ya tayar da gari. Ke kuma kina neman abin da zai sa ya yi shiru. In haka ne, aiki ne mai kyau. Lokacin da nake soja na san wani mutumin Taza da aka yanke wa ƙafa, yana kuka da yatsun da babu su, mu kuwa muna yi masa dariya. Allah ya yafe mana.

Tamu ta ce, "Ka ji fa! Jama'a na sayen guba su kashe ɓera, taka 'yar tana neman gafararsa." Na ce mata halin marigayiya uwarki ne, wadda ba ta iya cin kazar da ta san sunanta.

Batun sanyi kuma, me ya hana ki faɗa tun farko? Ga jallabiyata ta ulu, baƙar nan da Tamu ta saƙa shekarar da kika shiga makarantar kwana. A shagon shayin tasha nake rubuta miki, daga jikina zan cire ta in miƙa wa Lahsen, in koma gida da bargon alfadari. Ban tsaya wanki ba, ulu a sanyin nan sati yake yi kafin ya bushe. Za ta yi miki tsawo, ki ɗaure da igiya. Ga kuma man shanu kwalba ɗaya. Ki ci abinci, na ji an ce kin zama kamar zaren naki.

Kawunki,
Bassu

*

Fas, 19 ga Disamba

Kawuna,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya raya maraya na bayan murhu. Ni lafiya, har na yi ƙiba, man shanu ya kusa ƙarewa.

Jallabiya ta iso, kuma tun ranar ban rabu da ita ba. Ina sa ta sai na ji kamar ina zaune a bakin garke da safe kana ƙirga tumaki. Na kusa yin kuka a tashar mota, ba zan ɓoye maka ba. A ɗakin awo nakan sa ta a ciki in ɗora farar riga a sama. Lalla Kenza, mai kula da dabbobinmu, shekararta ashirin a nan, ta ja hanci ta ce, "Ke Ittu, ragon kika shigo mana da shi ko makiyayin?" Na ce, "Duka biyu, Lalla, har da karen." Ta ce, "Doka ta ce farar riga." Na ce, "Ga farar riga, doka ba ta ce komai kan abin da ke ƙasa ba." Ta ce bakina ya fi ƙarfinta, ta tafi.

Yanzu ga babban labari. Magani ya iso farkon wata, na ba sauran ɓeraye goma sha biyun. Kawu, na Nuwamba da siririn zare suke fizge ƙafa. Waɗannan kuwa na kai mai kauri suna zaune suna kallona. Ba ɗaya ba, ba biyar ba, dukansu! Na maimaita kwana huɗu a jere, abin bai canza ba.

Na kai wa Ustaza takardar. Ta duba, ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta sake dubawa. Ta ce, "Yarinya, kin tabbata?" Na ce, "Da hannuna na auna, Ustaza." Wannan matar da ba ta yabon ko shayi, sai ga ta tana cewa in zauna a kujerar baƙi. Jiya ta aika da taƙaitaccen bayanin aikin zuwa taron masana da za a yi a birnin Marsiliya, can ƙasar waje, watan Afrilu, sunana a gaba, nata a baya. Yuni kuma ya daina ba ni tsoro.

Ka faɗa wa Inna ɓerayen sun fara ba da nono.

Taka mai farin ciki,
Ittu

*

Timahdit, 4 ga Janairu

'Yata Ittu,

Sallama da albarka. Muna lafiya, garke lafiya, 'yan raguna sun kai ashirin da shida. Marayan yanzu bin Tamu yake har bayan gida, ta ce ita ba ta taɓa ganin mai naci irinsa ba sai ni.

Barka, barka. Na karanta takardarki a shagon shayi da ƙarfi, na kuma ƙara karanta wurin da aka ce sunanki a gaba, saboda Muha mai awon sha'ir yana wurin, wanda ya ce karatun mace a kan ɓera ɓata takalmi ne. Sai ya shiga hura shayin da ya riga ya huce.

Ina da tambaya, tambayar jahili ce, in ba ta da kai ki jefar. Tunkiya mai ciwon kofato tana ɗingishi a garkenta, a gaban 'yan'uwanta. Amma bari baƙon kare ya ratso, ko ta shaƙi warin dila a iska, sai ki ga ta miƙe tana tafiya ras kamar amarya. Ba ƙarya take ba, a'a, ni a ganina a lokacin ba ta ma jin ciwon. Kare ya wuce, hankalinta ya kwanta, ɗingishi ya dawo. Shi ya sa a kasuwa ba a ganin gurguwar dabba, hayaniya da baƙin fuskoki sun warkar da kowa. Mai wayo yakan bi ta gida ya gan ta da safe.

To su ɓerayen naki, yaya kike gane ciwon ne ya tafi, ba wani abu ne ya tsorata su ba? Na san ku masu ilimi kuna da hanyarku. Ina so ne kawai in sami abin da zan ƙara toshe bakin Muha da shi.

Sama ta yi nauyi kwana biyu, ina jin dusar ƙanƙara na tafe da ƙarfi. Ki riƙe jallabiyar da kyau.

Kawunki,
Bassu

*

Fas, 11 ga Janairu

Kawu,

Gaisuwa. Ga jallabiyarka na ba Si Lahsen. Tun farko bai kamata ta shigo inda nake aiki ba. Warin da ke jikinta ya jawo mini abin da ban san da wane ido zan dubi Ustaza ba. Kada ka aiko mini da komai yanzu. Mota za ta tashi, zan rubuto.

Ittu

*

Fas, 25 ga Janairu

Kawu Bassu,

Gaisuwa mai yawa, kai da Inna. Sati biyu ban ji daga gare ka ba, ina fatan lafiya. Ni jikina lafiya, hankalina ne bai zauna ba. Ga bayanin da na ce zan rubuto.

Tambayarka ta same ni ina shan miyar wake a shagon da ke bakin ƙofar jami'a. Ina karantawa ina murmushi, na kai wurin warin dila sai cokali ya tsaya mini a hanya. Waɗansu masu bincike a ƙasar waje sun taɓa nuna cewa warin namiji, mutum ne ko dabba, yana tayar wa ɓera hankali, tsoron kuma yana sa jikinsa ya danne ciwo na ɗan lokaci. Na karanta wannan, Kawu, har jarrabawa na ci a kansa. Sannan na tashi na sa rigar da ke ɗauke da kai da raguna da karnuka, na zauna a gaban ɓeraye awa huɗu ina murna. Na Nuwamba na auna su babu jallabiya, na Disamba da ita. Yanzu ban sani ba, magani ne ya yi aiki ko kai ne.

Kwana uku na yi ina tunanin in yi shiru. Ba wanda ya sani sai ni. Na mayar maka da rigar, wa zai tona? Afrilu in je Marsiliya a tafa mini, Yuni in karɓi takardata. Na faɗa maka ne don ka san irin 'yar da ka rena, ba don ina alfahari ba. Ran na huɗu na ƙwanƙwasa ƙofar Ustaza.

Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba, abin da ya fi zagi ciwo. Can ta ce, "Wa ya gano?" Na ce, "Kawuna." Ta ce, "A wace jami'a yake?" Na ce, "Makiyayi ne." Ta ce, "To ki gaishe shi." Ta kuma ce rabin laifin nata ne, ita ta sa aka auna rukuni biyu a wata daban-daban saboda gaggawa. Abin yi ɗaya ne: a sake komai, rukuni huɗu a lokaci guda, masu magani da marasa magani, da riga a ɗaki da babu riga. Sai ta ce, "Ina rigar?" Na ce na mayar da ita kan dutse. Ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗaki ta ce, "Ya Ubangiji, ka ba ni haƙuri."

Don haka, Kawu, ina roƙonka jallabiyar ta dawo, kuma don Allah kada a wanke ta. Yadda take nake so. Sababbin ɓeraye za su kai awo ƙarshen Fabrairu, kuma zuwa ƙarshen Maris dole in gama. In na wuce nan ba zan iya rubuta komai kafin Yuni ba.

Taka,
Ittu

*

Fas, 8 ga Fabrairu

Kawuna,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya, da fatan itace da sha'ir sun ishe ku. Si Lahsen ya ce hanya a rufe take daga garin Azru, ya bar takardata ta baya a wani shago, bai san ko ta hau ba. Kullum sai na je tasha, har masu lodi sun fara ce mini "Hajiyar Timahdit".

Amma ba dusar ƙanƙara kaɗai ke damuna ba. Hanya a buɗe take satin da na mayar da rigar, kuma ba ka amsa ba. Lalla Kenza ta tambaye ni me na rubuta a 'yar takardar nan, na faɗa mata yadda na tuna. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ke! Wannan kika rubuta wa mutumin da ya rene ki? Wari? Ai ni da ƙafa zan zo in ja miki kunne." Sai a lokacin na ji yadda maganar take a kunnen wani. Kawu, wallahi ba ƙyamarka nake ba. Warin nan shi ne abin da na fi so a duk garin Fas. Ka yafe mini.

Lalla Kenza ta ce za ta kawo rigar mijinta, ta ce in dai wari ne ba zai ba mu kunya ba. Ustaza ta ce a'a, rigar da ta ɓata awon ita za ta amsa tambaya. Ɓeraye sun kusa kaiwa, ni kuma ina zaune ina kallon ƙusar da zan rataye ta.

Taka,
Ittu

*

Timahdit, 22 ga Fabrairu

Ittu 'yar Hadda,

Sallama da albarka. Muna raye, muna lafiya. Dusar ƙanƙara ta kai ƙugu, mun rasa tunkiya biyu, sauran sun tsira. Motar share hanya ta iso mana ran sha huɗu ga wata, takardunki biyu suka zo tare.

Zan faɗa miki gaskiya tunda ke ma kin faɗa. Na ji zafi. 'Yar takardar nan a tasha na karanta ta, a gaban mutane, na ninke na sa aljihu, Muha yana tambaya me likita ta ce, na ce gaisuwa ce. Na ɗauka wani mai takalmi mai sheƙi ne ya toshe hanci a gabanki, kika ji kunyarmu. Tamu kuwa da ta ji sai ta tashi tsaye ta ce, "Wari? Warin da ta girma a cikinsa? Miƙo mini rigar nan!" Ta dafa ruwa ta wanke ta sau uku da sabulu, tana dirza tana magana ita kaɗai, ta shanya a kan murhu kwana shida, ta bi ta da turaren wuta. Ta ce in an sake cewa mijinta na wari ita ce ba ta cika mace ba. Ni kuma na rubuta miki amsa, na ce ki kwantar da hankalinki, ba za mu zo Yuni mu ba ki kunya ba. Kafin ranar kasuwa hanya ta rufe. Dusar ƙanƙara ta fi ni hankali. Takardar tawa ta shiga murhu ranar da naki suka zo.

Da na karanta mata bayaninki, Tamu ta yi tsuru, ta ce, "To yanzu ni ce na wanke ilimin ke nan?" Na yi dariya har tari ya kama ni. Ta ce, "Dariya kake? Tashi ka sa ta, tsoho, yarinya na jira!"

Kwana takwas ke nan ban cire ta ba sai don salla. Na kwashe takin garke da ita, na rungumi kowane rago, har wanda ba ya so. In na cire, Barhush, babban karen, shi ke kwanciya a kai. A kwana na huɗu Tamu ta fito mini da tabarma ta ce, "Kai da bincikenka ku koma ɗakin sha'ir." Ita da ta ce in sa! Yau da na shigo shagon shayi an ba ni benci guda ni kaɗai, don haka ina jin ta kai yadda kike so. Na sa ta a bokitin roba mai murfi, na ɗaure da waya. Lahsen ya ce a saman mota zai ɗora, ko da me za a yi.

Batun yafiya, babu abin yafewa. Sai dai gaba in za ki rubuta wa tsoho magana, ki bar mota ta tafi, wata na zuwa.

Ki gaida Ustazarki, ki ce ina amsawa. Ki yi awonki da kyau, abin da ya fito shi ne rabonmu.

Kawunki,
Bassu

*

Fas, 29 ga Maris

Kawuna,

Gaisuwa mai yawa, kai da Inna, da Barhush wanda ya yi mana aiki ba a biya shi ba. Ina fatan an mayar da kai ɗaki. Ni lafiya, na gaji, amma gajiya mai daɗi.

Bokiti ya iso a kan kari. Lalla Kenza ce ta buɗe, ta ja da baya ta ce, "La ilaha illallahu! Wannan ai ya fi na farko. Ki ce wa kawunki ya yi aiki tsakani da Allah."

Wannan karon ba a bar ni na san komai ba. Lalla Kenza ke zuba allurai, waɗansu magani waɗansu ruwan gishiri, ta sa musu lamba, ta rubuta wace lamba ce wace a takarda, ta liƙe a ambulan ta kulle a durowarta, makullin a wuyanta. Ni dai in auna in rubuta. Rana ɗaya jallabiya na rataye a ƙusa, washegari a fitar da ita a share ɗaki a bar iska ta wanke shi, sannan a auna babu ita. Sati huɗu muna haka. Sau biyu na ce mata, "Lalla, ko ɗan alama?" Ta ce, "Alamar me? Ni ban iya karatu ba sai ranar Talata ta ƙarshe."

Talatar ta zo shekaranjiya. Muka zauna mu uku, Ustaza ta yage ambulan.

Ga abin da ya fito. Ɓerayen da ba su sami magani ba, in jallabiyarka na ɗakin, kusan ba sa janye ƙafa, daidai abin da na gani a Disamba. Wato yawancin abin al'ajabin nan kai ne. Waɗanda suka sami magani babu jallabiya sun sami sauƙi, amma kamar kwata na abin da na yi shela. Da muka duba lakarsu a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, masu gadin nan sun ɗan lafa a masu magani, ba su lafa ba a masu riga kaɗai. Ke nan ƙofar gaskiya ce, maganin yana taɓa ta, sai dai ba ya rufe ta ruf.

Ustaza ta rubuta wa mutanen Marsiliya ta janye bayanin farko. Jiya kuma na tsaya gaban duk 'yan sashenmu na faɗi abin da ya faru da bakina, tun daga farar riga a sama. An yi dariya. Wani malami ya ce a sa sunan ragon cikin marubuta. Kunnuwana sun yi zafi, amma ban mutu ba. Da muka fito Ustaza ta ce, "Kaɗan ne, amma ana iya tsayawa a kansa. Fara rubutu, Yuni na nan."

Ba zan je Marsiliya ba, kuma ba wanda zai tafa wa kwata. Na ɗan ji ba daɗi, na kwana ɗaya. Yau da safe na sha shayi na ci gurasa biyu.

Taka,
Ittu

*

Timahdit, 5 ga Afrilu

'Yata,

Sallama da albarka. Muna lafiya, ciyawa ta fito, an mayar da ni ɗaki bayan wanka biyu.

Na karanta wa Tamu takardarki. Ta ce, "Ni fa ban gane ba. Da an ce duka, yanzu an ce kwata. Guɗa zan yi ko jaje?" Na ce ta ba ni zuwa la'asar, na kora tumaki na hau tudu.

Kwana ukun nan da kika ce kin yi kina tunanin yin shiru, su na yi ta juyawa. Ni ma na taɓa samun irinsu. Shekara talatin da suka wuce na sayar wa wani mutumin Gigu alfadari. Na san abin da ke ƙafarsa, shi bai gani ba, na yi shiru. Talaka ne, da shi zai yi noma. Sau uku na ɗaura niyyar bin sa, sau uku na sami dalilin fasawa, har na ji ya rasu. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Tamu, kuma wannan sakin layin ba zan karanta mata ba. Ni na rene ki, Ittu, na koya miki ɗaure igiya da gane hadari, amma wannan ba a wurina kika koya ba.

Da na sauko na ce wa Tamu ta yi guɗa. Ta yi, har maƙwabcinmu na tsallaken kwari ya tako yana tambayar wa ya haihu.

Ki aiko mana da ranar da za ki tsaya gaban malamai. Kujera biyu, kusa da gaba, saboda kunnena.

Kawunki,
Bassu